Jinin Uwar Habu

Mutumin da ya fara yi mini fara'a a Zariya shi ne ya fara cuta ta, shi ya sa har na bar garin ban daina shakkar mai yawan murmushi ba. A tashar Sabon Gari na sauka da akwatina, ina ta raba ido. Ya taso daga kan benci ya ce ai daga ɗaurin kallabina ya gane daga Nijar nake, kakarsa ma wai 'yar Damagaram ce. Ya ce yana da ɗaki kusa da kasuwa, daidai da mace mai kamun kai irina. Ya kai ni, ya nuna mini ɗakin ta taga, na ba shi kafin alƙalami, ya tafi karɓo mabuɗi wajen matarsa. Ina nan zaune a kan akwati har mai ɗakin na gaskiya, wani tela, ya dawo cin abinci ya tambaye ni ko lafiya.

Sunana Rabi. Nas ce ni a ɗakin yara can gida Damagaram. Abin da ya kawo ni kuwa, wani asibiti ne a wajen Samaru yake bincike a kan ciwon sikila, wanda mu muka fi sani da amosanin jini, suna neman mai jin Hausa wadda ta iya ɗiban jinin ƙananan yara. Aikin shekara ɗaya ne, kuma duk wanda ya gama lafiya akan buɗe masa hanyar ƙarin karatu. Shugabana a gida shi ya tsaya mini, ya ce ya san hannuna ya san halina. Ban taɓa ƙetare iyaka ba sai a wannan tafiya, Turancina kuma na lakkwal ne, wato ɗan abin da aka koya mana a makaranta, in na buɗe baki sai Faransanci ya riga shi fitowa.

Mai gidan da telan yake haya, Mama Ngozi, ita ta fito ta same ni ina share hawaye da bakin mayafi. Ta shekara da shekaru a Sabon Gari tana sayar da kwanuka, Hausa ta zauna a bakinta, sai dai kowa namiji ne a wajenta.

"Kai, shigo ka sha ruwa," in ji ta. "Wannan mutum ya yi wa mutane da yawa. Akwai ƙaramin ɗaki bayan shago, ka zauna, in ka samu albashi mu yi magana."

Na karɓi ɗakin don ba ni da zaɓi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce wannan ma akwai abin da take nema. Takarduna a ƙarƙashin katifa suke kwana, in zan shiga wanka da su nake shiga a leda. Miyar da take aiko mini kuwa sai in yi godiya in rufe, in jiƙa garin rogo in sha. Ashe tana lura. Wata safiya ta kama hannuna har cikin kasuwa, ta tsayar da ni gaban wani mahauci mai farin gemu da carbi a wuya, ta ce, "Ga mai yanka naman da nake saya. Tambaye shi." Kunya ta kama ni, mahaucin yana ta dariya. Daga ranar na fara cin miyarta, amma takarduna ban fasa shiga wanka da su ba.

Kullum da safe nakan hau ƙaramar bas daga Sabon Gari, mu ratsa Palladan, mu shiga Samaru cikin ɗalibai masu haɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya. Shugaban binciken, wanda kowa ke kira Farfesa, Bazazzagi ne dogo, ba ya dariya ko kaɗan, wannan ya sa na ɗan yarda da shi. Ya bayyana mini aikin: duk yaron da aka tabbatar yana da sikila, a ɗebi jininsa, a ɗebi na uwarsa, a yi mata tambayoyi a kan yadda ciwon ya fara. Sannan ya gaya mini dalilin da ya sa gurbin ya samu. Wanda na gada, da ya ga iyaye mata suna ƙin ba da jini don sun ji ana cewa sayar da shi ake yi, sai ya riƙa cika kwalabe daga hannunsa da na abokansa.

"Kuskure muna gyarawa," in ji Farfesa. "Wannan kuwa ba ma yafewa."

Kwalaben nakan kai su ɗakin gwaji wajen Mista Sande, wani mutumin kudu da shi ma a Sabon Gari yake zaune. Mutum ne mai barkwanci, daga na shigo sai ya ce, "Madam Faransa ta iso." Kullum haƙoransa a waje. Ban jima ba wata nas ta raɗa mini cewa 'yar wansa ta nemi gurbin nan nawa ba ta samu ba. Na ce a raina, to, ga inda za a ɓullo mini.

Aikin kansa ya karɓe ni. Matan suna jin Hausata sai su yi ta kwaikwayona suna dariya, in dariyar ta lafa in roƙi hannu, su miƙo. Wadda ta ce sayarwa za mu yi sai in ce mata wa zai sayi abin da bai cika cokali ba. Ban taɓa barin rana ta wuce babu kwalba a hannuna ba, har sauran ma'aikata suka fara cewa 'yar Nijar ɗin nan da asiri take aiki. Ni kuwa kaina ya fara girma, ina lissafa irin karatun da zan yi.

Damina ta fara sauka Farfesa ya aika a kira ni. Bai ce in zauna ba.

"Rabi, kin san yaro ba ya samun sikila sai ya gado ta wajen uwa da ta wajen uba."

"Na sani, yallaɓai."

"To ga yara nan cikin naki masu sikila sosai, jinin iyayensu mata kuwa fes, ko alama babu. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wannan ba ya yiwuwa. Jinin wa kike zuba mini a kwalabe?"

Na rantse masa da Allah, ya ce wancan da na gada ma ya rantse. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo bayani mai hujja. In babu, in haɗa kayana, kuma shi da kansa zai gaya wa shugabana na gida dalili. Na fito ina lissafin asarar da zan yi. Ba karatun ne kaɗai zai tafi ba. Nas ɗin da aka kora don ta yi ƙaryar jinin yara, ko a gida ba wanda zai sake ba ta sirinji, ga kuma mutumin da ya sa sunansa saboda ni.

Ban yi dogon tunani ba na ɗora wa Sande. Wa ke taɓa kwalaben bayan ni? Wa ke da 'yar wa mai jiran gurbi? A lokacin an kwantar da ɗaya daga cikin yaran da ake magana a kansu, Habu, ɗan shekara uku, ciwon ya tasar masa a ƙafafu. Mai jinyarsa Asabe, wata mai waina daga Palladan, mace mai jiki da baki, ita na ɗebi jininta tun farko a matsayin uwarsa. Na koma na roƙe ta ta sake ba ni hannu.

"Wancan da kika ɗiba ya ƙare ne?" in ji ta tana harara ta. "Ko kasuwarsa ce ta yi kyau?"

Da ƙyar ta miƙo. Na damƙe kwalbar a tafin hannuna, ban ajiye a tire ba, har ɗakin gwaji. Na tsaya a kan Sande ina bin yatsunsa da ido.

"Madam, zauna mana, abin yana ɗaukar lokaci."

Na ce tsayuwar ta fi mini. Ya dube ni, ya dubi kwalbar, murmushin ya ɗauke. Da sakamakon ya fito, ya juyo mini da shi in gani da idona. Jinin Asabe fes, kamar na farko.

"Yanzu kin yarda ba ni ba ne?" ya tambaya.

Na juya na fita. Raina ya ƙara ɓaci, don da shi ne da na san da wanda zan yi faɗa. Kuma wannan gwajin bai wanke ni ba, tunda ba wanda ya ga daga hannun da na ɗiba.

Sai zargina ya koma kan Asabe. Na ce ko dai sato yaron ta yi, ko an yi musanya a wajen haihuwa. Na shiga sa mata ido, ina kai da kawo kusa da gadonsu kamar mai neman wani abu. A nan ne na lura da wata yarinya siririya da ke zuwa kullum da fulas ɗin kunu da ƙullin kaya, ta ajiye, ta koma bakin ƙofar ɗakin ta zauna. Ba ta taɓa yaron, ba ta ko kallon gadon. Na tambayi Asabe, ta ce Lantana ce, matar ƙanenta, tana taya ta ɗaukar kaya. Ita ma na sa ta cikin waɗanda ban yarda da su ba, na ce da ita aka haɗa baki.

Ran nan jijiyar Habu ta ɓace, za mu sa masa ƙarin ruwa, sai da na soka sau da yawa. Yaron yana tsala ihu, Asabe ta danne shi tana lallashi. Na ɗaga kai don in share gumi, sai idona ya faɗa bakin ƙofa. Lantana ta miƙe ta juya wa ɗakin baya, goshinta a jikin bango, ta cusa bakin mayafi a baki tana cizo. Duk sukar da na yi sai kafaɗunta su motsa.

Na san wannan bayan. Ni 'yar fari ce. Innata ba ta taɓa kiran sunana ba, ana yaye ni aka kai ni ɗakin gwaggona, can na tashi. Da na yi ƙyanda ina ƙarama, gwaggo ce a kaina, Inna kuwa haka take tsayawa a bakin ƙofa ta ba mu baya, kamar iska ta fito sha. Ko da zan taho, Inna aiko ƙanwata ta yi, ta ce a gaya wa waccan ta kula da kanta. Tun da na zo Zariya ban ji kewar gida irin ta wannan lokacin ba, sai da na ba wata nas allurar na fita.

Da na natsu na bi sauran yaran da aka ce jinin iyayensu bai dace ba. Kusan duk 'ya'yan fari ne. Wadda ta goyo yaro ita ke zama gabana, ita ke amsa tambaya, ita ke miƙo hannu, wata gwaggo, wata yayar uwa, wata ma kaka ce da ba ta tsufa ba. Ba wadda ta yi nufin ƙarya, a wajensu su ne iyayen. Ni kuma ban taɓa tambaya ba. Wa zai dubi mace da goyo a bayanta ya ce ke kika haife shi?

Na garzaya wajen Farfesa na zayyana masa. Ya saurara har na gama.

"Na san al'adar, a cikinta na tashi," in ji shi. "Amma wancan ma da ya tafi yana da labari mai daɗin ji. Kawo mini uwar."

Ranar Lahadi aka bar Asabe ta je gida ta yi wanka ta huta, wata maƙwabciyarsu ta zauna da Habu. Na bi ta Palladan. Na same ta a tsakar gida tana wanke tandar waina, Lantana tana gefe tana tankaɗe. Na yi gaisuwa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai na faɗi abin da ya kawo ni. Asabe ta ajiye soso.

"Wa ya aiko ki? Ni na karɓe shi ranar yaye, a bayana ya yi wayo, ni ke kwana zaune in ciwon ya tashi. Yau ke daga zuwa, baƙuwa, za ki shigo gidana ki raba ni da ɗana?"

Daga baya na ji ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Na juya wajen Lantana, na ce ɗan jini kaɗan nake roƙo, in ban samu ba korata za a yi. Ba ta ɗago ba, rariyar ma ba ta tsaya ba.

"Ni ba ni da ɗa, Malama. Yaron Yaya ne."

Na koma Sabon Gari na jawo akwati na fara ninke kaya. Mama Ngozi ta leƙo, na ba ta labari. Ta riƙe haɓa.

"Uwa ya ce ba ɗana ba? Mu ko a tsakiyar kasuwa sai ya faɗa, har da waƙa." Ta janye akwatin da ƙafa ta mayar ƙarƙashin gado. "Wata bai ƙare ba. Ka ci abinci."

Ana saura 'yan kwanaki, ina ƙaramin ɗakin da muke ajiye sirinji, na ji motsi a bayana. Lantana ce. Asabe ta tafi karɓo magani. Ba ta yi sallama ba, ta janye hannun rigarta ta miƙo mini hannu, fuskarta tana kallon taga. Har na ɗauki auduga sai na tuna ba ni da shaida. Na ce ta jira ni. Ba wanda ya faɗo mini a rai sai mutumin da na ci wa fuska. Na same shi na ce, "Mista Sande, don Allah zo ka tsaya a kaina." Ya dube ni jim, ya cire safar hannu ya biyo ni. A gabansa na ɗiba, shi ya rubuta suna a kwalbar, shi ya ɗauka. Jinin Lantana ya nuna tana ɗauke da rabin gadon ciwon.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Farfesa ya ce masu ɗauke da wannan a garin nan ba sa ƙirguwa, in na tare mata a bakin titi ma zan samu. Me ya nuna ita ta haifi Habu? Ba zan iya jawo yarinyar nan gabansa in ce ta faɗi abin da ko a gaban mijinta ba ta faɗa ba.

Ranar ƙarshen wata ta faɗo ranar da yake zagayen ɗakin yara. Na bi bayansu da tire kamar kullum, ina kallon gadajen ina sallama da su a zuciya. Da aka zo kan Habu, Farfesa ya duba idonsa, ya matsa cikinsa, sannan ya juya ga Asabe.

"Hajiya, da aka haife shi idonsa ya yi rawaya?"

"To, yara dai ai sukan yi."

"Yaushe hannunsa ya fara kumbura?"

"Tun yana ƙarami, likita. Tun da daɗewa."

Ya gyaɗa kai, ya rufe biro, ya ɗaga ƙafa zai wuce. Sai wata murya ta taso daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa. Lantana tana zaune ta ba mu baya, da baranda take magana.

"Yaron Yaya tun kafin suna idonsa ya yi rawaya. Hannun kuma yana koyon zama ya fara, na hagu ne farko. In abin ya taso ko nono ba ya iya kamawa, sai an tatsa an ba shi a cokali."

Na saci kallon Asabe, ina jiran ta tashi da faɗa. Ta daɗe tana shafa ƙafar Habu, sannan ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Rubuta yadda ta faɗa, likita. Ita ta sani."

Farfesa ya buɗe biro ya rubuta. Bai ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce, "Rabi, sauran gidajen ma sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya. Ki fara ranar Litinin." Na zauna a Samaru har shekarata ta cika, na kuma samu karatun da na zo nema.

Amma a ranar, da na fito baranda ina jin kamar in yi tsalle, Lantana ta taso ta sha gabana. Karo na farko ke nan da ta dubi idona.

"Malama, jinin nan nawa da kika ɗiba, an ga abin a ciki?"

Murnata ta tsaya cak. Duk kwanakin nan jininta nake nema don in wanke kaina, ban taɓa shirya abin da zan ce mata ba in ta tambaya. Na ce an gani, amma ba ita kaɗai ba ce, rabi daga wajenta rabi daga wajen babansa, kuma ba laifin kowa ba ne, haka Allah ya halicci jinin.

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ashe ni na ba shi," in ji ta.

Na buɗe baki in sake bayani, ta riga ta sunkuya ta ɗauki fulas ɗin kunu. Ta shiga ta ajiye kusa da Asabe, ta ce, "Yaya, a ba shi tun da zafinsa." Sannan ta dawo bakin ƙofa ta zauna.